Ƙunzugun Jariri: Tsakanin Aljihu, Gajiya da Kwatar Unguwa



Akwai tambayar da ba a yin ta a gidan suna: ina famfas ɗin da muke cire wa 'ya'yanmu yake ƙarewa? Jariri sabon haihuwa yakan ɓata takwas zuwa goma a yini. A lissafa na wata guda, sannan a ƙirga gidajen da ke da goyo a layi ɗaya. Bayan famfas leda ne, cikinsa kuma da sinadarin da ke shanye ruwa ya kumbura, masana sun ce yakan yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba. A unguwannin da motar shara ba ta shiga, ƙulle shi ake yi a leda a ba yaro ya kai bola, wani lokacin a kwata zai wurga. Da damina ta sauka sai ya haɗu da ledar fiya wata ya toshe magudana, ruwa ya biyo cikin gidaje. In kuma wuta aka cinna wa bolar, jaririn nan ne zai kwana yana shaƙar hayaƙin.

Masu cewa a koma nafkin irin na iyayenmu suna da gaskiya, amma wa zai wanke? Iyayenmu a babban gida suka yi jego, ga goggo, ga ƙanwa, ga rijiya a tsakar gida. Yau ma'aurata da yawa a ɗaki da falo na haya suke, ruwa jarka-jarka ake saye a wurin 'yan garuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, omo da sabulu da famfas ɗin kansa duk sun yi tashin gwauron zabi. Ga wankan jego na kwana arba'in, wanda ke cin icce ko gawayi safe da yamma saboda gas ya fi ƙarfin aljihu, alhali mun san hamada na cinye dazukanmu. Mai jegon da ba ta runtsa ba, ko wadda hutun haihuwarta ya ƙare ta koma aiki, idan ta miƙa hannu ta ɗauki famfas gajiya ce ta sa ta, kuma ta cancanci tausayi.

Wani bincike da hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar a 2008 ya nuna cewa amfanin nafkin ya dogara ga yadda ake wanke shi da busar da shi. Idan da injin busarwa ne, ribar ta tafi a wutar lantarki. Idan a igiya aka shanya, kuma ƙani ya gaji na yayansa, ya fi sauƙi ga muhalli. Mu nan Allah ya hore mana rana kyauta.

Abin da na ga zai yiwu shi ne a raba ƙafa. Da rana a gida, nafkin da wandon roba. A ajiye bokiti mai murfi, a zubar da kashin a masai, a jiƙa, a wanke da safe, kafin azahar sun bushe ƙarau. A riƙa canjawa da wuri don kada cinyar yaro ta yi ƙuraje. Da dare, ko ranar zuwa rigakafi, ko tafiya mai nisa, a sa famfas ba tare da jin an yi laifi ba. Da yaro ya fara zama, a saba masa da fo, kamar yadda kakanninmu suke ɗora yaro a kan ƙafa. Haka kuma nonon uwa zalla na wata shida, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ba ya barin gwangwanin madara a bola kuma ba a sayensa a kanti.

Maigida, kai ma da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗebo ruwa, shanya, kai shara inda ya dace, babu wanda zai rage maka mutunci. Hukumomi su ma su yi nasu: Ruwanda ta hana leda tun 2008, Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024, mu a unguwanninmu ko motar kwashe shara mai zuwa a kan lokaci za ta rage rabin wahalar.

'Yar'uwa, yi iya ƙarfinki, amma don Allah kada famfas ɗin ɗanki ya shiga kwata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya.