Robert Jaworski, Dattijon Filin Wasa

Ƙasar Filifin tsibirai ce fiye da dubu bakwai a gabashin Asiya. Bayan 1898 ta shiga hannun Amurka, Amurkawa kuwa suka kawo mata makarantu, suka kawo wani wasa da ake kira ƙwallon kwando. Mutum biyar ne a kowane gefe, suna ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin wani zobe mai raga da aka rataye ƙafa goma daga ƙasa. Wasan ya fi dacewa da dogaye, mutanen ƙasar kuwa yawancinsu ba dogaye ba ne, amma duk da haka babu wasan da ya shiga ransu kamarsa. A cikin 'yan wasansu da wuya a sami wanda talakawa suka so kamar Robert Jaworski.

An haife shi a garin Baguio cikin 1946. Ubansa Ba'amurke ne, asalinsu daga Foland, uwarsa kuwa 'yar ƙasa ce. Ya fara suna tun yana ɗalibi a Manila, har cikin 1968 aka tafi da shi wasannin Olimfik a Meziko. Yana da ƙarfi, yana da idon gane wanda ya kamata a miƙa wa ƙwallo, amma yana da zafin zuciya. Cikin 1971, sa'ad da yake wasa wa ƙungiyar Meralco, gardama ta tashi a fili, shi da wani abokin wasansa suka kai wa alƙalan wasa duka. Hukuma ta yanke musu hukuncin kada su ƙara wasa muddin ransu. Ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyar wannan daidai yake da a yanke masa hannu. Daga baya aka yi musu afuwa, cikin 1973 kuwa yana cikin waɗanda suka ciyo wa ƙasarsu kofin Asiya a Manila.

Cikin 1975 aka kafa PBA, watau ƙungiyar masu yin wasan don albashi, ita ce ta fari irinta a Asiya. Jaworski ya shekara tara yana wasa wa Toyota, suka ci kofi tara, cikin 1978 aka zaɓe shi gwanin gwanaye na shekara. Sa'an nan a farkon 1984 masu ƙungiyar suka rushe ta, suka sayar wa wani kamfani da 'yan wasan. Jaworski ya ƙi yarda a sayar da shi kamar haja a rumfa. Ya koma wata ƙungiya ta kamfanin giya, wadda daga baya aka sa mata suna Ginebra. A lokacin shekarunsa sun kusa talatin da takwas, sa'o'insa sun fara ajiye wasa, mutane da yawa suna ganin nasa ya ƙare. Ashe yanzu ne zai fara.

Aka ɗora masa aiki biyu, shi ne mai horad da 'yan wasa, shi ne kuma madugunsu a fili. Wata rana cikin watan Oktoba na 1985 suna karawa da ƙungiyar Northern Cement, sai gwiwar hannun wani ta fasa masa leɓe. Aka kai shi asibiti aka ɗinke. Maimakon ya wuce gida ya kwanta, sai ga shi ya komo fili, ya tarar an ba mutanensa rata mai yawa. Ya shiga, yaran suka ga dattijo da ɗinki a baki yana gudu, kunya ta hana su sanyi, suka yi ta ramawa har suka ci. Daga ranan nan aka san Ginebra da kirarin cewa ba su fid da rai sai an tashi. Direbobi da 'yan dako da masu talla suka ɗauki ƙungiyar tasu ce, har aka riƙa kiran magoya bayanta unguwa guda.

Ba a ce zafin zuciyar nan ya rabu da shi ba. Cikin 1990, a wasan neman kofi da ƙungiyar Shell, mutanensa suka yi fushi da hukuncin alƙalai, suka fice daga fili ana tsakiyar wasa. Kofi ya tafi, aka kuma ci su tara mai nauyi. Da shekara ta kewayo suka sake gamuwa da Shell. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi, ga Shell ta ci uku, su ɗaya. Wannan karon ba su fice ba. Suka ci uku a jere, na ƙarshen da ƙwallon da Rudy Distrito ya jefa saura daƙiƙa kaɗan a tashi. Kafin wannan babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami a PBA.

Jaworski ya yi ta wasa har ya kai shekara hamsin, har ɗansa na cikinsa ya girma ya shigo ƙungiyar suka yi tare. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Cikin 1998 jama'a suka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa, ya zauna har 2004. Cikin 2012 Ginebra ta jingine lambarsa, watau 7, ba za a ƙara ba wani ɗan wasanta ita ba.

Akwai waɗanda suka fi shi yawan kofi, akwai waɗanda suka fi shi tsawo da iya jifa. Abin da ya sa talakawan Manila suka riƙe shi, sun ga an kore shi ya komo, an rushe gidansa ya gina wani, an ce ya tsufa ya ƙara shekara goma sha uku a fili. Mutumin da kullum yake tashi da bashi a kansa ya san darajar wanda aka ba rata bai zauna ba.