Asun Gari

Ni dai ban ga ɓarawon da ya kai asun gari wayo ba. Mutane kan bi mai fiffiken da duka, alhali kuwa ba shi ke ci ba. Tsutsotsinsa su ne maɓarnata, gama mace ɗaya takan zuba ƙwai fiye da 100 cikin abinci. Saboda haka a gidanmu, in gari ya dunƙule da zare kamar saƙar gizo, sai a ba kaji. Sauran hatsi a shanya a rana mai zafi, ko ya kwana 7 cikin firiza. Sa'an nan a share ma'aji sarai, a juye hatsin cikin kwalba mai murfi, domin leda tsutsar hudawa take yi. Wanda ya san wuyar noma ba ya ciyar da asu.