Wasan Ruwa da Aikin Ruwa

A bakin teku a ƙasar Gana, yamma da Takoradi, akwai wani ƙauyen masunta ana ce da shi Busua. Turawa da waɗansu masu hali sukan je can hutu, su biya kuɗi a koya musu wani wasa. Mutum ya sami katako mai kama da allo, amma ya fi shi kansa tsawo, ya kwanta a kai rubda ciki, ya yi ta tuƙi da hannu har ya yi nisa. In igiyar ruwa ta taso sai ya miƙe tsaye, ta ɗauko shi a guje zuwa gaci. Daga tsibiran Hawayi wannan wasa ya bazu cikin duniya.

Waɗansu kuwa nutso suke so. A 1943 Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera abin numfashi cikin ruwa, watau tulun iska wanda mutum ke goyawa, yana shaƙa ta baki. Da shi sai a daɗe a ƙasa ana kallon kifi. Amma da doka: ba a koya wa wanda bai iya iyo ba, ba a kuwa nutsawa sai da abokin tafiya.

To, mutumin Anka ko Bukkuyum ko Gummi in ya ji wannan labari sai ya yi dariya, ya ce abin masu kuɗi ne, ina shi ina teku? Gaskiyarsa. Amma ai yana da Gulbin Zamfara. Da rani yashi ne da 'yan tafkuna, har jaki ya ratsa. Da damina kuwa ya cika ya batse, ba mai ƙetarewa sai da jirgi. Masunta sun san halinsa tun kaka da kakanni. Babban gora shi ne allonsu: masunci ya kwanta a kai, homa a hannu, abin da ya kamo ya zuba a ciki. Nutsonsu kuwa ba tulun iska, sai ƙirjin da Allah ya ba su. Wannan gwaninta ce baƙi ke zuwa kallo a Argungu, a bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934.

Sai dai ba kowa ne masunci ba. Mafi yawan masu shiga jirgin fito manoma ne, da mata, da 'yan kasuwa, da yawansu kuwa ba su iya iyo ba. Ran 14 ga Satumba 2024 wani jirgin katako ya kife kusa da Gummi, ɗauke da manoma wajen 70 za su gonakinsu a hayi. Da yawa ba su fito da rai ba. Baƙon Busua don nishaɗi ya koyi iyo, wanda gonarsa ke hayi kuwa ya fi shi bukata nesa ba kusa ba.

Lokacin koyo rani ne, sa'ad da ruwa bai wuce ƙugu ba. Yaro ya rungumi gora, babba na tsaye kusa, ya yi ta bugun ruwa da ƙafa. In ya saba, a karɓe goran, a tallafe shi a ciki da hannu, sannan a riƙa saki kaɗan kaɗan.