Ciwon suga a gidan da babu zaɓin abinci

1/
Zaren yau mai ɗan tsawo ne, ku yi haƙuri ku bi ni. Har yanzu akwai masu cewa ciwon suga ciwon masu kuɗi ne. Duk mai wannan tunanin ya zo Gwammaja ya zaga lungunanmu, zai ga dattawan da ciwon ya kama alhali abincin gobe ma ba su da tabbas a kansa.

2/
Mahaifinmu yana cikinsu. Tela ne, ido ya yi rauni, aiki ya ja baya. Ranar da aka tabbatar masa da ciwon, an ba mu takarda: a rage tuwon shinkafa, a rage burodi, a yawaita kifi da ƙwai da ganye, a nemi acca. Baba ya duba ya ce, "To, wannan ai takardar gidan Alhaji ce."

3/
Shawarar daidai take, aljihu ne bai kai ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, komai ya tashi. A 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A Kano har afafata, wadda da kifi ake ba wa, mutane suka koma dafawa.

4/
Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya fi araha kuma ya fi cika ciki shi ne garin kwaki, tuwon masara, taliya, koko da sukari. Su ne kuma suke saurin ɗaga suga a jini. Talaka mai ciwon nan kullum yana tsakanin biyu: ya ci abin da zai cutar da shi, ko ya kwana da yunwa.

5/
Yunwar ma ba mafita ba ce. Wasu magungunan, kamar glibenclamide da allurar insulin, aikinsu sauke suga ne, ko ka ci ko ba ka ci ba. Wanda ya sha da safe bai karya ba, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Wannan kan iya kai mutum ga suma.

6/
Ya faru da Baba wata Talata. Ya bar wa jikoki kokon safe, ya ce shi ya ƙoshi, ya kuwa sha magani. Kafin azahar gumi ya jiƙa rigarsa, hannu na karkarwa, magana ba ta fita daidai. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta jiƙa sukari ta ba shi ya dawo hayyacinsa.

7/
Ku riƙe wannan don Allah. Gumi, karkarwa, jiri, bugun zuciya, ruɗewa: a ba shi sukari kamar cokalin shayi 3 a ruwa, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

8/
Da muka koma asibiti na ce, "Baba, yau a faɗa wa likita gaskiya." Da ƙyar ya yarda, kun san dattawanmu da kunya. Da likita ya ji cewa wani lokaci sau ɗaya ake ci a rana, ya sake tsara maganin. Kada wanda ya daina magani ko ya rage da kansa. A faɗa wa likita halin gida.

9/
Daga nan muka zauna da Umma muka duba abin da ƙarfinmu zai iya. Tukunya biyu ba za ta yiwu ba, don haka tukunyar gidan muka gyara. Malmalar tuwon Baba ba ta wuce dunƙulen hannunsa, miya kuma a cika kwano: kuka, kuɓewa, alayyahu, yakuwa.

10/
Wake ya zama babban abokinmu. Yana riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa. In za a yi garau-garau, wake ya rinjayi shinkafa. Awara tana maye gurbin nama. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ba sukari, ya isa abincin rana.

11/
Wata magana da ke cinye kuɗin mutane a banza: wai mai suga sai tuwon alkama. Alkama ma hatsi ce, in ka cika ciki da ita suga zai hau. Dawa da gero da ba a surfe su tas ba sun wadatar. Yawan abin da aka ci shi ne abin lura. Zuma da dabino kuma suna ɗaga suga, a yi hattara.

12/
Sayen gwangwani-gwangwani a shago yana cin kuɗi. Mu gida huɗu ne a layinmu masu irin wannan larura, sai muke haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je Dawanau ya auno wake da waken suya lokacin kaka. Ganye kuma 'Yankaba ta fi sauƙi. Umma ta dasa zogale a tsakar gida, yanzu har kyauta take bayarwa.

13/
Duk da haka akwai watan da dabara ke ƙarewa. Ga kuɗin magani, ga tsinken gwaji, ga cefane. Na san gidan da uwa ke raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Ƙarshen irin wannan shi ne gyambon ƙafa, ciwon ƙoda, ko makanta, kuma jinyarsu ta ninka kuɗin wake sau ba adadi.

14/
Roƙona ga masu rabon abinci, musamman da azumi. Allah Ya saka muku. Amma kunshin da aka saba shi ne shinkafa, taliya, sukari. Ga mai ciwon suga, ku musanya sukarin da kwanon wake, gyaɗa, ko busasshen kifi. Kuɗin kusan ɗaya ne, amfanin ya sha bamban.

15/
Kwamitocin masallatai da masu unguwanni sun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Zakka da Hubusi da hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya su ma su duba: wanda aka taimaka wa da magani, a tambaye shi ko yana da abin da zai ci kafin ya sha.

16/
A unguwar nan gidan Mambayya yake, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983 yana fafutukar talakawa. Bai kamata a ce a nan ne dattijo zai suma don ya bar wa jika kokonsa ba.

17/
In kana da maƙwabci mai ciwon nan, gaisuwar "ya jiki" ba ta isa ba. Tambaye shi, "Baba, an karya kuwa?" Mai dabarar abinci mai araha ya ajiye mana a ƙasa, wani zai amfana. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya yalwata mana abinci mai albarka. Amin.