Dattijon Kuru Da Kulob Ɗinsa Mighty Jets

Duk wanda ya san ƙasar Filato ya san Kuru da abubuwa uku. Na farko mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar Bauchi da Gombe ta rabu da ta Jos, ta miƙa har ta isa Maiduguri a 1964. Na biyu tsohuwar makarantar sakandaren gwamnati wadda ta yaye manyan mutane masu yawa. Na uku Cibiyar Nazarin Manufofin Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Amma akwai abu na huɗu wanda ba a rubuta shi a allon bakin hanya ba, watau son tamaula, wanda ya shiga jinin mutanen wannan yanki tun zamanin haƙar kuza.

A cikin masu wannan ciwo akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya ba shekara 70 baya. Neman kuza ne ya kawo mahaifinsa daga ƙasar Kano, shi kuwa a barikin ma'aikata aka haife shi, tare da 'ya'yan Birom da Ibo da Yarabawa da Tibi. Jikokinsa duka sun rarrabu, wannan Chelsea, wancan Arsenal. Shi ko har gobe kulob ɗaya ya sani, Mighty Jets ta Jos, wadda ta shafe mafi yawan shekarun baya-bayan nan a rukuni na biyu na gasar Nijeriya. Ran da duk ta yi wasa sai ya bi majalisu yana tambayar yadda aka tashi, sau da yawa kuma ba ya samun mai ba shi amsa. Samari suna yi masa dariya, suna cewa Baba ya riƙe wa mataccen doki linzami. To, kafin a taya su dariya ya kamata a ji abin da ya gani.

Tamaula ta daɗe da zama a Jos. Turawan kuza da makarantun mishan da ma'aikatun gwamnati su ne suka dasa ta, iskar dutse mai sanyi kuma ta taimaka, don yaro yana iya wuni yana gudu rana ba ta karya shi ba. Tun cikin shekarun 1950 'yan wasan Filato suke zuwa Ikko suna kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma kullum sai su komo hannu rabbana. Daga nan sai tarzomar 1966 ta zo, ta taɓa Jos da Bukuru ƙwarai, Ibo da yawa suka rasa rayukansu, saura suka gudu gabas, yaƙin basasa ya biyo baya har zuwa watan Janairu na 1970. A cikin wannan shekara da aka ajiye bindiga ne wani attajiri, Alhaji Isiyaku Ibrahim, ya tattara gwanayen 'yan wasan garin ya kafa Mighty Jets da kuɗin aljihunsa.

In dattijon nan ya fara lissafa 'yan wasan, ba ya tuntuɓe. Akwai Isma'ila Mabo, ɗan baya mai natsuwa, wanda ba ya ɗaga ƙwallo sama don tsoro. Akwai Sam Garba Okoye, wanda sunansa kaɗai ya isa wa'azi, gama ga na Kirista, ga na Bahaushe, ga na Ibo, duka a kan mutum ɗaya haifaffen Jos. Shi yana cikin waɗanda suka je wasannin Olamfik na Meziko a 1968, inda Nijeriya ta yi kunnen doki da Barazil, ci 3 da 3. Akwai 'yan gidan Atuegbu, 'yan'uwa huɗu: Matthew da Andrew da Aloysius da Nicholas. Akwai Baba Otu Muhammed, ɗan gefe mai gudu kamar barewa, wanda ya yi suna a gasar Kofin Afirka ta 1976 a Habasha, sa'ad da Nijeriya ta zo ta uku. Akwai Sule Kekere, akwai Layiwola Olagbemiro. Mai karatu ya duba waɗannan sunaye da kyau, sa'an nan ya tuna cewa jinin yaƙi bai gama bushewa ba a lokacin. Mutanen da aka kori danginsu daga garin shekara huɗu da suka wuce, ga 'ya'yansu sanye da rigar garin, jama'a kuma tana kiran sunayensu har murya ta dushe.

Shekarar 1972 ita ce shekarar Jets. A cikinta aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, su ne kuma suka fara cinye ta. Wannan suna ba mai ƙwace musu shi har abada. A wannan shekara kuma suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, suka gamu da Bendel Insurance ta Binin a Ikko. Dattijon yana saurayi a lokacin, su wajen ashirin suka kewaye rediyo ɗaya mai batir a bayan tasha. Mutanen Binin suka jefa biyu, lokaci ya ƙure, waɗansu suka tashi suka kama hanyar gida. Sai Sam Garba ya rama ɗaya, kafin a farga ya ƙara ta biyu, aka tashi 2 da 2. Dattijon yakan ce a daren nan ba wanda ya tambayi wani addininsa kafin ya rungume shi. Aka sake wasan a filin Liberty na Badun, Insurance ta ci 3 da 2. Bayan shekara biyu, a 1974, suka sake kaiwa ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke su 2 ba ko ɗaya. Har mutane suka fara cewa baki aka yi wa Jos game da wannan kofi.

Daga nan rana ta fara karkata. Aloysius Atuegbu ya koma Rangers, yana kuma cikin Green Eagles da suka ci Kofin Afirka a Ikko a 1980. Sam Garba ya rasu a haɗarin mota a 1978, yana da sauran ƙarfinsa. Amma ba mutuwa da ƙaura kaɗai suka kayar da Jets ba. Kulob ɗin da ya dogara ga aljihun mutum ɗaya, komai yalwar aljihun, yana tsaye ne da ƙafa guda. Ga shi kuma kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, barikokin suka watse, ma'aikatan da ke cika fili ran Asabar suka rasa na tikiti. Tamaular Nijeriya kuwa ta koma hannun gwamnatocin jihohi, wanda duk ba ya cikin kasafin kuɗi sai ya yi ta rarrafe. Plateau United, kulob ɗin gwamnatin jiha, ita ce ta karya wancan baki a 1999 da ta ci Iwuanyanwu Nationale 1 ba ko ɗaya, kana ta ɗauki kofin lig a 2017. Dattijon ya yi murna, amma irin murnar wanda aka raɗa wa ɗan maƙwabcinsa suna.

Abin da ya fi ci masa rai ba zaman rukuni na biyu ba ne. Tun rikicin Jos na watan Satumba na 2001, da na 2008, da na Janairun 2010 wanda ya hallaka mutane masu yawa a Kuru Ƙarama, unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Dattijon yana da aboki Birom, wanda suka saurari wancan wasa tare. Da can katanga ɗaya ce tsakaninsu, yanzu kuwa sai a kasuwa suke gamuwa. In sun haɗu, wannan ya ce, "Da, ina gajiya?" wancan ya ce, "Malam, yaya iyali?" Akwai maganganun da ba su iya taɓawa, don kowannensu ya binne nasa. Amma da ɗaya ya ambaci Sam Garba sai harshe ya saku, su yi awa guda a tsaye. Wannan kulob da samari ke rainawa shi ne gadar da ta rage musu.

Wata rana wani jikansa ya ce masa, "Kaka, kulob ɗin da ya faɗi ai ya faɗi ke nan." Ga alama yaron bai san yadda waɗansu ke riƙon nasu ba. A kudancin Faransa akwai wani gari, Beziye, mai kulob ɗin ƙwallon zari-ruga. Sau 11 suna zama zakarun ƙasarsu, 10 daga ciki tsakanin 1971 da 1984, har da 1972, shekarar Jets. Su ma sun sauka rukuni na biyu a 2005, suka gangara na uku a 2009, suka komo na biyu a 2011. Duk da haka mutanen garin ba su daina zuwa fili ba, 'yan kasuwarsu da majalisar garinsu suna sa hannu, yaransu kuma sun san sunayen mazan jiya. Bambancin bai wuce wannan ba: su sun ɗauki kulob ɗin gadon gari ne, ba kayan mutum ɗaya ba.

Ƙasar Filato ba ta daina haihuwa ba. Mikel Obi a Jos aka haife shi, Ahmed Musa a Bukuru ya tashi, maƙwabtan Kuru. Isma'ila Mabo shi ne ya kai 'yan matan Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999, kafin ya rasu a 2023. Mazan 1972 suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kalle su ma haka. In attajiran Jos da Bukuru, Musulmi da Kirista, za su haɗa kai su ɗauki nauyin wannan kulob, su rubuta tarihinsa tun masu ba da labari suna da rai, su kuma ɗebo yara daga kowace unguwa su sa musu riga iri ɗaya, to, da sun yi aikin da kwamitocin sulhu masu yawa suka kasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Filato lafiya, amin.