Abin Da Na Gani A Kogon Mfamosing

Aiki ya kai ni Kalaba a daminar bara. Da na gama, sai wani tsohon maharbi ya ce zai kai ni in ga duwatsun Mfamosing, a Ƙaramar Hukumar Akamkpa ta Jihar Kuros Riba. Na ɗauka irin dutsen Kufena na Zariya zan tarar. Ashe ba haka ba ne.

Waɗannan na farar ƙasa ne, irin wadda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato a yi siminti. Masana sun ce kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce teku ce a wurin, ɓawon halittun ruwa ne ya taru ya daskare ya zama dutse. Ruwan sama kuwa yana da ɗan tsami, shi ke cin dutsen sannu-sannu har ya huda shi ta ko'ina. Saboda haka za ka ga rafi yana gudu, kwatsam ya nutse cikin rami, sai can gaba ya sake ɓullowa.

Muka sunkuya muka shiga wani kogo. Wari ne ya fara yi mana maraba. Da tsohon ya haska tocila sama, sai ga jemagu birjik sun rataye kamar kilishi a shanya. Kashinsu ya yi tudu a ƙasa, kyankyasai da gyare na ci daga gare shi, gizo-gizo kuma na farautarsu. Wato duk mai rai a cikin duhun nan, abin da jemage ya ciwo a daji da dare shi ne arzikinsa. A bakin kogon kuma dodon-koɗi ne ko'ina, don da farar ƙasar yake gina ƙoƙonsa.

Muna tsaye sai muka ji ƙarar nakiya daga nesa, inda ake fasa dutse. Jemagun suka tashi gaba ɗaya, na dafe hulata. Tsohon ya ce wani kogon da ya sani tun yana yaro yanzu fili ne fetal.

Na so in yi fushi, amma ban samu bakin yi ba. Ni kaina gini nake yi a gida, kuma kullum kukana tsadar siminti. Ran da na koma, birkila ya aiko a ƙaro buhu 20. Na daɗe ina duban takardar, sa'an nan na aika da kuɗin.