Zawon yaron da aka dasa wa ƙoda ya wuce kantin magani

Da zarar damina ta kankama a Kafanchan, ba na wuni ban ji an ce “a ba ni Flagyl, yaro na zawo” ba. Akwai iyayen da nake hana wa ko da za su yi fushi, wato waɗanda aka yi wa ɗansu dashen ƙoda.

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wasu kuma Indiya suke zuwa. Ko ina aka yi, yaro zai dawo gida da magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki, galibi tacrolimus, mycophenolate da prednisolone, don kada jiki ya yaƙi sabuwar ƙodar. Hanji ne yakan sha wahalarsu. Mycophenolate shi kansa yana iya kumbura hanji har ya yi gyambo. Ƙwayar CMV da ke kwance shiru a jikin yawancinmu tana samun damar tashi. Ga Cryptosporidium na ruwan rijiya, wanda kulorin ba ya kashe shi yadda ya kamata, sai an tafasa ruwan. Dukansu da zawo suke fitowa, maganinsu kuwa daban-daban ne, sai gwaji ke bambance su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tacrolimus. Mutum zai zaci zawo wanke magani yake yi daga jiki. A nan akasin haka ne: kumburarren hanji yana barin maganin ya wuce cikin jini fiye da kima, ga ruwan jiki ya ragu, sai ƙodar da aka sayar da gona aka dasa ta soma galabaita. Prednisolone kuma yana ɓoye zazzaɓi da ciwon ciki. Uwa ta taɓa goshi ta ji sanyi, ta ce da sauƙi.

Saboda haka a kira likitan da ke duba shi a ranar da zawon ya fara. Kada a tsayar da maganin dashen ko a rage shi a gida. Ban da ibuprofen da diclofenac, ban da maganin tsayar da zawo, ban da jiƙon makwabta. A dama ruwan gishiri da sukari da tafasasshen ruwa, a kama hanya. Idan aka ga jini a bayan gida, ko amai ya hana shan magani, ko fitsari ya ragu, ba a jiran gari ya waye.

Auna tacrolimus a jini yakan sa a je babban birni. Kuɗin motar nan nake roƙon iyaye su ware tun yaro na lafiya.